Sayar da kyandir na hannu ta hanyar masu shago

Kyandir, wanda mutanen Nijar da yawa ke kira buji, ana yin sa da kakin farafin ko da kakin zuma, da lagwani na zaren auduga. Yin sa ba shi da wuya sosai, amma sayar da shi yana bukatar lissafi. Idan kuna yin kyandir, ku kaɗai ko cikin ƙungiya, mai shagon unguwa zai iya kai kayanku ga mutanen da ba za ku iya isa wurinsu ba. Sai dai jarinku zai zauna a hannunsa, saboda haka ku shirya da shi da kyau.

Wa ke sayen kyandir?

Tocila da fitila mai aiki da hasken rana sun rage cinikin kyandir, kuma na kamfani yana shigowa da araha. Duk da haka ana neman sa idan an ɗauke wuta, kamar yadda ya faru a Yamai da wasu garuruwa a shekarar 2023, lokacin da Najeriya ta yanke lantarkin da take ba Nijar. Majami'u da otal-otal da gidajen abinci su ma suna saye. Kafin ku narka kaki mai yawa, ku zagaya shaguna ku tambayi girman da aka fi saye da kuɗinsa.

Lissafin farashi

Ga misali. Kun kashe sefa 6000 wajen kaki, lagwani, gawayi, leda da kuɗin mota, kun samu kyandir 100. Kowane ɗaya ya tsaya muku 60. Idan kuka ba mai shago a kan 80, shi ya sayar 100, ribarku 2000 ce, kuma a cikinta ladan aikinku yake. Idan 10 suka karye, riba ta koma 1200. Idan ba a biya ku kuɗin guda 25 ba, riba ta ƙare gaba ɗaya.

Abin lura: a baki muna ƙirga kuɗi da dala, a takarda kuma da sefa. Dala 1 sefa 5 ce, wato dala 20 ita ce 100, jika 1 kuma 1000. Ku rubuta da sefa kullum, don kada a samu saɓani.

Hanyoyi biyu na hulɗa da mai shago

Hanya ta farko ita ce sari: ya ɗauki kaya ya biya nan take. Farashin zai yi ƙasa kaɗan, amma kuɗinku na hannunku. Hanya ta biyu ita ce ku ajiye masa kaya, sai ya sayar ya biya. Masu shago sun fi yarda da wannan ga sabon kaya, amma hatsarin yana kanku. Idan za ku bi ta, ku fara da kaya kaɗan, a shago biyu ko uku na mutanen da kuka sani. Kada ku ƙara sabon kaya sai an biya na baya.

Abin da za ku rubuta

Ku tanadi littafi, kowane shago da shafinsa. Ku rubuta kwanan wata, yawan kyandir, farashin guda, ranar biya, da wanda zai ɗauki asarar abin da ya karye ko ya lanƙwashe. Ku sa hannu, shi ma ya sa. Idan ɗayanku bai iya rubutu ba, a nemi shaida ya karanta, a dangwala yatsa. Rubutu ba rashin yarda ba ne, yana tsare zumunci ne.

Zafi da ajiya

A watannin Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, kuma kyandir na farafin yana laushi tun kafin ya narke. Kakin zuma ya fi jure zafi, domin sai wajen digiri 62 yake narkewa, amma ya fi tsada. Ku kwantar da kyandir a kwali, ku kai shi da sanyin safiya, ku roƙi mai shago kada ya jera shi a rana ko dab da rufin kwano. A lokacin zafi ku rage yawan abin da kuke ajiyewa.

Riƙe amana

Ku kunna guda ɗaya daga kowane zubi, ku ga awa nawa yake ci, ko yana hayaƙi. Abin da kuka gani shi za ku faɗa wa mai shago. Idan kun sa ƙamshin korar sauro, kada ku ce ya maye gurbin gidan sauro. A jikin ledar ku rubuta sunan ƙungiyarku da gargaɗi: kada a bar shi a kunne kusa da yara, zana ko labule. Ku koma shago a ranar da aka tsayar, ku ƙirga abin da ya rage tare da mai shago, ku karɓi kuɗinku, ku ware jari kafin ku taɓa riba.