Tashar miƙa saƙo da matsalar katsalandan a layukan waya

Idan ƙarfen sabis ya yi wa waya nisa, ko gini da tsauni suka tare hanya, injiniyoyi kan kafa tasha a tsakani wadda za ta karɓi saƙo ta miƙa shi gaba. Irin wannan tasha iri biyu ce. Ta farko tana ƙara ƙarfin duk abin da ta kama, har da hayaniyar da ta cakuɗa da saƙon. Ta biyu tana warware saƙon ta tace shi kafin ta sake aikawa, sai dai hakan kan jawo ɗan jinkiri.

Saƙo yakan bi zango biyu: daga waya zuwa tasha, daga tasha zuwa ƙarfe. Zangon da ya fi rauni shi ke yanke ingancin kira, saboda haka idan tashoshi suna da yawa, akan zaɓi wadda zangonta mai rauni ya fi na sauran ƙarfi. A 2011 aka shigar da irin waɗannan tashoshi cikin ƙa'idojin LTE-Advanced na 4G.

Katsalandan yana aukuwa idan na'urori biyu na kusa da juna suka yi aiki a kan mita ɗaya. Kamfanoni kan magance shi ta hanyar raba mita da lokacin aikawa, da rage ƙarfin na'urori.

Na'urorin ƙara ƙarfin sabis da ake saye a kasuwa a ɗaura a gidaje suna cikin iri na farko, kuma ba sa bin wannan tsari. Gida ɗaya zai samu sabis, kiran maƙwabta kuwa ya riƙa yankewa. Shi ya sa Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta gargaɗi jama'a kan kafa su ba da izini ba.