Buɗaɗɗen Tushe da Tsadar Fita: Nazari Kan Shirin LiMux na Birnin Munich, 2003 zuwa 2020

Tsakure

A shekarar 2003 majalisar birnin Munich ta ƙasar Jamus ta yanke shawarar raba kwamfutocin ofisoshinta da Windows ta mayar da su kan Linux, sannan a 2017 ta yanke shawarar komawa inda ta fito. Masu sharhi da yawa sun ɗauki wannan koma-baya a matsayin hukuncin da ya raba gardama tsakanin manhajar kamfani da manhaja mai buɗaɗɗen tushe. Wannan maƙala tana ganin an yi wa lamarin gurguwar fahimta. Abin da ya kayar da shirin shi ne tsadar fita daga tsarin da kowa ke ciki, wadda sigar fayiloli da rarrabuwar hukuma da sauyin shugabanci suka haɗu suka haifar.

Asalin shawarar

Matsalar ta faro ne daga wani abu da ba birnin ya jawo ba. Kamfanin Microsoft ya sanar da cewa zai daina kula da Windows NT 4.0, wadda kwamfutocin ofisoshin Munich kimanin 14,000 ke aiki da ita, don haka dole birnin ya kashe kuɗi ya sauya, ko yana so ko ba ya so. Wannan tilas ɗin ce ta sa 'yan majalisa suka fara tambayar wanda ke da ikon tsayar da ranar da hukuma za ta sauya kayan aikinta. A farkon 2003 shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, ya taka da kansa zuwa Munich ya gana da magajin gari Christian Ude, ya kuma yi rangwame mai yawa, har tayin kamfanin ya zama ƙasa da abin da hanyar Linux za ta ci. Duk da haka, a watan Mayu na shekarar, majalisa ta zaɓi Linux. Wannan batu yana da muhimmanci ƙwarai ga duk wanda zai auna shirin da adalci, domin ya nuna cewa tun ranar farko ba arha aka bi ba. Abin da aka sa a gaba shi ne kada makomar takardun birni ta rataya a wuyan kamfani guda.

Aikin bai tafi da sauri ba. A 2004 an ɗan dakatar da shi saboda fargabar dokar mallakar fasaha da ake muhawara a kanta a Tarayyar Turai, wadda majalisar Turai ta yi watsi da ita a watan Yulin 2005. Sai a 2006 aka fara ɗora LiMux, wato sigar Linux ta birnin, a kan kwamfutoci, da farko bisa Debian, daga baya bisa Ubuntu, kuma a watan Disamba na 2013 birnin ya bayyana kammala aikin da kwamfutoci fiye da 14,800. Shekara goma ke nan, kuma masu suka sun yi ta nanata wannan jinkiri. Amma in an duba inda shekarun suka tafi, za a ga kaso mai yawa ya tafi ne wajen share dattin da aka gada. Sassan birnin fiye da ashirin kowanne yana da nasa ma'aikatan kwamfuta da nasa tsarin, da dubban fom da takardun ofis da aka ƙera domin Microsoft Office kaɗai. Manhajar WollMux da birnin ya ƙirƙira domin haɗe waɗannan takardu wuri guda tana cikin ribar da ba a cika ambata ba.

Inda ainihin fafatawar take

Masana tattalin arziki sun daɗe da bayyana yadda fasaha kan yi kane-kane a wuri ba don ta fi kowa kyau ba. Paul David a 1985, cikin nazarinsa kan jerin haruffan keken rubutu, da Brian Arthur a 1989, sun nuna cewa yawan masu amfani da abu yakan zama dalilin da zai sa wasu su bi sahu, har ficewa ta fi zama tsada. A harkar ofis, abin da ke ɗaure mutane shi ne fayil. Ma'aikaci a Munich ba shi kaɗai yake aiki ba: yana musayar takardu da gwamnatin jihar Bavaria, da ma'aikatun tarayya, da 'yan kwangila, da talakawan gari, kuma kusan dukkansu da sigar Microsoft suke aiko masa. Idan jadawali ya karkace ko shafi ya goce a LibreOffice, manhajar ofis da ke kan LiMux, ma'aikacin ba zai tsaya binciken wanda ya tsara sigar fayil ɗin ba. Abin da ke gabansa zai ɗora wa laifi.

Kamfanin ya san darajar wannan makami tun da daɗewa. Takardun cikin gida na Microsoft da Eric Raymond ya wallafa a ƙarshen 1998 sun amince cewa manhajar buɗaɗɗen tushe ta kai ingancin da za ta yi gogayya, sannan suka kawo shawarar a riƙa faɗaɗa ƙa'idojin sadarwa da kowa ya sani ta yadda bin su zai yi wa abokan hamayya wuya. A watan Maris na 2004 Hukumar Tarayyar Turai ta ci kamfanin tarar Yuro miliyan 497, ta kuma umarce shi da ya bayyana bayanan da wasu manhajoji ke bukata domin su yi aiki tare da nasa, hukuncin da kotun Turai ta tabbatar a 2007. Daga nan sai fagen ya koma kan takardun ofis. Hukumar ƙa'idoji ta duniya, ISO, ta amince da sigar ODF a 2006, wadda kowa zai iya aiwatarwa. Microsoft ya kawo tasa, OOXML, mai bayani fiye da shafi 6,000, wadda ta faɗi a ƙuri'ar farko a Satumban 2007, ta kuma tsallake a Afrilun 2008 cikin ce-ce-ku-ce, har Afirka ta Kudu da Brazil da Indiya da Venezuela suka ɗaukaka ƙara. Sakamakon shi ne duniya ta samu ƙa'idoji biyu domin aiki ɗaya, kuma wadda ta fi yawo a hannun jama'a ita ce wadda manhajar kamfani ɗaya ta fi kowa iya karantawa daidai. Munich ta zama tsibiri, kuma duk wahalar fassara tsakanin sigogin biyu a kanta ta faɗa, alhali ba ita ta ƙirƙiri rarrabuwar ba.

Suka ta farko da ya kamata a ɗauka da gaske ita ce cewa ma'aikata sun koka, kuma kukan ma'aikaci hujja ce. Gaskiya ne sun koka, kuma bai dace masu kare buɗaɗɗen tushe su riƙa raina wannan ba, domin wanda ke zaune a gaban kwamfuta sa'a takwas shi ya san inda take masa ciwo. Tambayar ita ce daga ina ciwon yake. Binciken da birnin ya ba kamfanin Accenture ya gudanar, wanda ya fito a 2016, ya gano cewa babbar matsalar tana cikin tsarin hukuma: nauyin kula da kwamfutoci ya rabu tsakanin it@M, cibiyar kula da kwamfutocin birnin, da sassa daban-daban, sabunta manhaja yana ɗaukar dogon lokaci, wasu ofisoshi suna aiki da tsofaffin sigogi. Abin lura shi ne Accenture abokin kasuwancin Microsoft ne, domin tare suka kafa kamfanin Avanade a shekarar 2000, don haka ba za a zarge shi da son kare Linux ba. Ƙari a kan haka, birnin bai taɓa rabuwa da Windows gaba ɗaya ba. Dubban kwamfutoci sun ci gaba da aiki da ita saboda manhajoji na musamman da masu sayarwa ba su yi wa Linux ba, sai ya zamana ana ɗauke da nauyin tsari biyu a lokaci guda. Wannan tsada ce ta gaske, amma tushenta kasuwar da ke kewaye da birnin.

Suka ta biyu ta shafi kuɗi, kuma a nan alƙaluman sun yi hannun riga. A ƙarshen 2012 birnin ya ce shirin ya rage masa fiye da Yuro miliyan 10. A farkon 2013 wani bincike da kamfanin HP ya yi wa Microsoft ya ce LiMux ta ci kimanin miliyan 60, alhali zama kan Windows da miliyan 17 kawai zai ci, lissafin da birnin ya ƙaryata. Kowane ɓangare yana da abin da yake karewa, kuma bambancin ya samo asali ne daga abin da aka sa cikin lissafi da abin da aka bari a waje: horar da ma'aikata, sauya tsofaffin kwamfutoci, sake rubuta manhajoji. A ganina jayayya kan waɗannan alƙaluma tana kawar da hankali daga abin da ya fi su nauyi. Lokacin da majalisa ta amince da komawa Windows 10 a watan Nuwamba na 2017, an ƙiyasta aikin zai ci kimanin Yuro miliyan 49. Hukumar da arha ce kaɗai damuwarta ba za ta biya wannan ba domin ta rushe abin da ta gama ginawa shekara huɗu da suka wuce. Shawarar 2003 da ta 2017 dukkansu an yanke su ne duk da tsada, saboda haka kuɗi ba zai iya bayyana ko ɗaya daga cikinsu ba.

Siyasa da tsarin hukuma

A 2014 Ude ya sauka, Dieter Reiter na jam'iyyar SPD ya gaje shi, tare da mataimaki Josef Schmid na CSU, kuma dukansu biyu sun fito fili sun soki LiMux tun farkon mulkinsu. A 2016 Microsoft ya ɗauke hedikwatarsa ta Jamus daga Unterschleißheim zuwa cikin Munich, kuma Reiter ne ke riƙe da sashen tattalin arzikin birnin lokacin da aka shirya hakan. Wasu masu kare buɗaɗɗen tushe sun ɗauki wannan a matsayin amsar komai. Ban yarda da su ba, domin babu hujjar da ta tabbatar da cewa an yi ciniki, kuma zargin da ba a tabbatar ba yana ɓoye darasin da ya fi amfani. Ko da babu wata hedikwata, shirin da rayuwarsa ta dogara ga magajin gari guda yana cikin haɗari ranar da wannan mutum ya bar kujera. Ude ya ba LiMux kariya ta siyasa har shekara goma sha ɗaya, amma ba a mayar da kariyar ta zama doka ko tsarin sayayya da zai ɗaure wanda zai biyo baya ba, ba a kuma samu gwamnatin jiha ko ta tarayya ta wajabta musayar takardu da ODF ba, kamar yadda Birtaniya ta ayyana wa ma'aikatunta a watan Yulin 2014.

Kwatanci da jandarmomin Faransa yana ƙarfafa wannan fahimta. Sun fara da OpenOffice a wajajen 2005, suka ɗauki Firefox da Thunderbird a 2006, suka mayar da ayyukansu na cikin gida zuwa manhajojin da ke aiki ta burawuza, sai a 2008 suka yanke shawarar komawa Ubuntu, kuma a yau dubun-dubatar kwamfutocinsu suna kan sigarsu ta GendBuntu. Linux ɗin da suka ɗauka ba ta fi ta Munich wani abu ba. Bambancin shi ne sun kwance ƙullin daga sama zuwa ƙasa, suka fara da manhajojin da mutum ke taɓawa kullum, ta yadda ranar da aka sauya tsarin da ke ƙarƙashi ma'aikaci bai ga baƙon abu ba. Suna kuma da umarni guda da ke sauka daga sama, da ma'aikatan fasaha na cikin gida da ba sa sauyawa da zaɓe. Lasisin GPL, wanda Richard Stallman ya fitar a 1989, yana ba kowa izinin karantawa da gyarawa da rarrabawa, amma izini kaɗai yake bayarwa. Hukumar da ba ta da ƙwararrun da za su yi amfani da izinin, ko tsarin da zai riƙe su, tana nan a matsayin mai dogaro da wani, sai dai sunan wanda take dogaro da shi ya sauya.

Akwai suka ta uku, wadda ta fi sauran zamani: cewa gabar ta ƙare, tunda Microsoft ɗin da shugabansa ya kwatanta Linux da cutar daji a 2001 ya shiga Gidauniyar Linux a 2016, ya kuma sayi GitHub kan dala biliyan 7.5 a 2018. Sauyin na gaske ne, amma ya faru ne a inda buɗaɗɗen tushe ya riga ya yi nasara, wato manyan kwamfutocin da ke ɗauke da intanet da kayan aikin masu rubuta manhaja. A teburin ma'aikacin gwamnati ƙullin ya ƙara tamkewa, domin yanzu wasiƙu da kalanda da fayiloli suna zaune ne a rumbunan kamfani da ake haya ta intanet. Zanen aro ba ya rufe katara, kuma hukumar da ke hayar wurin ajiyar takardunta ta fi mai sayen lasisi a 2003 rauni. Dokar CLOUD Act ta Amurka ta 2018, wadda ta ba hukumomin ƙasar damar neman bayanai daga kamfanoninta ko da a ƙetare aka ajiye su, da hukuncin kotun Turai na Yulin 2020 da ya rushe yarjejeniyar Privacy Shield, sun mayar da tambayar da Munich ta yi a 2003 ta zama tambayar ƙasashe.

A watan Mayu na 2020 sabon ƙawancen SPD da jam'iyyar masu kare muhalli a Munich ya rubuta cikin yarjejeniyarsa cewa manhajar da aka yi da kuɗin jama'a ta zama ta jama'a, kuma za a fifita buɗaɗɗen tushe inda ya yiwu. A watan Afrilun 2024 jihar Schleswig-Holstein ta amince da mayar da kwamfutoci kimanin 30,000 zuwa LibreOffice, sannan Linux daga baya, wato ta bi jerin jandarmomin Faransa, kuma a matakin jiha, inda take da ikon tsayar da sigar da ma'aikatunta za su riƙa musayar takardu da ita. Idan hujjar wannan maƙala ta tsaya, abin da ya kamata masu bincike su sa wa ido a can shi ne ko an wajabta ODF a dokar sayayya, ko an ɗauki ƙwararru na dindindin, da kuma abin da zai faru da shirin bayan gwamnatin da ta fara shi ta bar mulki.