Masu sare bishiya daga ƙoli: tarihin igiya da injin zarto

Mai karatu, ka taɓa tsayawa a gindin tsohuwar darbejiya da ta karkato kan gidan mutane, ka ɗaga kai ka ce a ran ka, wai ta yaya za a sauke wannan abu ba tare da an rusa ɗakin kowa ba? In a fili ta ke, magana ta ƙare: a sa gatari a gindi, a matsa gefe, ta faɗi inda ta ga dama. Amma in ga katanga nan, ga wayar lantarki can, ga kuma yara na wasa a lungu, to gindi ba wurin farawa ba ne. Sai dai wani ya hau, ya faro daga ƙoli. Wannan hawan sana'a ce mai zaman kan ta, kuma ta na da tarihi. Yawancin tarihin a Amurka da Turai aka yi shi, kuma ƙa'idojin aikin da dama sai da aka yi asarar rai kafin a rubuta su.

Bari mu fara daga Kalifoniya, a yammacin Amurka. A 1848 aka gano zinari a can, jama'a su ka yi ta kwarara, garuruwa su ka tashi cikin ƙanƙanen lokaci. Kowa na son katako, na gida, na gada, na tokare ramin haƙar ma'adini. Ga shi kuwa Allah ya ajiye masu dazuzzukan da babu irin su a duniya. A bakin teku akwai bishiyar da su ke kira redwud, wato jan itace, wadda babu bishiyar da ta kai ta tsawo. Wadda ta fi tsawo a cikin waɗanda aka sani, mai suna Hyperion, an gano ta a 2006, kuma da wani masani mai suna Stephen Sillett ya hau ya saki ma'auni daga ƙoli zuwa ƙasa, sai aka samu ta haura mita 115. Ka ƙiyasta bene mai hawa talatin da wani abu ke nan. A kan duwatsu kuma akwai 'yar'uwar ta, sikwaya, wadda ba ta kai ta tsawo ba amma ta fi ta kauri nesa ba kusa ba.

A 1853 wasu mutum biyar su ka tasam ma wata sikwaya a yankin Calaveras. Babu zarton da zai iya ratsa ta, don haka sai su ka riƙa huda ta da dogayen ƙarafan huda bututun famfo, rami kusa da rami. Kwana 22 su ka yi kafin ta faɗi. Kututturen da ya rage kuwa, sai aka goge saman sa aka mai da shi dandalin rawa. Ka ji fa.

A wancan zamanin aikin na gatari ne da ƙarfin damtse. Da ya ke gindin irin waɗannan itatuwa ya na buɗewa kamar siket, masu saran ba su farawa daga ƙasa. Sai su fafe ɗan rami a jikin bishiyar, su cusa bakin wani falanki, su hau su tsaya a kai, wani lokacin su sake fafe wani a sama su ƙara hawa. A kan wannan falanki mai lilo mutum biyu za su wuni su na sara. Daga wajen shekarun 1880 dogon zarto mai mariƙi biyu ya shigo aikin kayarwa, wannan ya ja, wancan ya ja. Ma'aikatan da kan su su ka raɗa masa suna bulalar wahala.

Kayar da bishiya rabin aiki ne. Fitar da ita daga daji shi ne sauran. Da shanu ake ja, har zuwa 1881 lokacin da John Dolbeer, wani mai kamfanin katako a garin Eureka, ya ƙera injin tururi mai naɗe igiya, wanda aka yi wa laƙabi da jaki. Amma gungumen da ake ja a ƙasa ya na maƙalewa a kututture da dutse. A farkon ƙarni na 20 sai dabara ta zo: me zai hana a rataye igiyar ƙarfen a can sama, yadda kan gungumen zai ɗago ya riƙa tsallake cikas? To a ina za a rataye ta? A jikin bishiya mafi tsawo da ƙarfi a wurin. Kafin nan kuwa dole wani ya hau ya sassare rassan ta, ya fille mata kai, ya ɗaura gargaren da igiyar za ta bi.

A nan ne gwanin hawa ya bayyana, kuma ina so ka ɗan tsaya ka dubi aikin sa da kyau. Ya na ɗaura wasu ƙarafa masu tsini a ƙafafun sa, a cikin ƙwauri, waɗanda ya ke cakawa a ɓawon itace. A ƙugun sa akwai faffaɗan bel, da igiya da ta zagaye bishiyar ta dawo jikin bel ɗin. Ya jingina baya, ya wurga igiyar sama, ya taka, ya sake wurgawa. Wanda ya taɓa ganin masu hawan giginya ko kwakwar manja ya san wannan salo, sai dai nan tsawon ya ninka sau da yawa. Gatari da zarto na reto a ƙarƙashin sa. Igiyar kuwa akan saƙa ta da waya a tsakiya, don kada gatari ya kuskure ya datse ta, shi ke nan an gama.

In ya kai mita 45 ko 50, ko fiye, sai ya fara yanke kan bishiyar, wanda shi kan sa ya kai wata babbar bishiyar a wani wurin. Lokacin da kan ya karye ya tafi, ya na tura gangar jikin baya, sai ta dawo, ta yi ta kaɗawa kamar sandar rake a iska, shi kuwa ya na manne a ƙoli. Abin da su ka fi tsoro ma ba wannan ba ne. Wani lokacin itacen ya kan tsage a tsaye yayin da kan ke faɗuwa, ya buɗe kamar baki. Ka tuna igiyar sa ta zagaye bishiyar. In ta buɗe, igiyar za ta matse shi a jikin itacen har ta karya shi. Saboda wannan ne wasu su ka riƙa ɗaura nakiya a sama su sauko su tayar daga nesa. Ana ba da labarin waɗanda, in sun gama, su kan hau kan yankakken wurin su zauna su sha taba, don nuna wa na ƙasa cewa ko a jikin su. Ni dai ban ga abin burgewa a nan ba, amma kuɗin su ya fi na sauran ma'aikata, kuma kowa ya san dalili. Daga shekarun 1950 zuwa 1960 dogayen turakun ƙarfe da ake ja da mota su ka karɓe wannan aiki.

Kai mai son fim, in ka samu Sometimes a Great Notion na 1971, wanda Paul Newman ya fito a ciki kuma ya ba da umarni, daga littafin Ken Kesey na 1964, ka kalla. Labarin wani gida ne na masu saran itace a jihar Oregon. Akwai wurin da gungume ya danne wani a bakin kogi, ruwa na ƙaruwa a hankali, ɗan'uwan sa na ta fama ya cece shi. Wanda ya kalli wurin nan ba ya mantawa.

Shi kuwa injin zarto, asalin sa zai ba ka mamaki, don ba a daji aka haife shi ba, a hannun likitoci ne. Wajen shekarun 1780 wasu likitoci biyu na Sikotilan, John Aitken da James Jeffray, su ka fito da 'yar sarƙa mai haƙora da ake ja da hannu don yankan ƙashi, har da lokacin da haihuwa ta zo da gardama. A 1830 Bernhard Heine na Jamus ya ɗora irin wannan sarƙa a kan ƙarfe, ana juya ta da mariƙi. Sai bayan kusan shekara ɗari aka kai ta daji da gaske. A 1926 Andreas Stihl ya ƙera mai aiki da lantarki a Stuttgart. A 1927 Emil Lerp ya gwada mai shan fetur a kan tudun Dolmar, inda kamfanin sa ya samo suna. Duk waɗannan sai mutum biyu ke iya ɗauka. Sarƙar kuma ba ta jimawa ta dakushe, har sai da wani ma'aikacin daji a Oregon, Joseph Cox, ya zauna ya na kallon tsutsar wani ƙwaro ta na cin kututture da muƙamuƙan ta masu lanƙwasa, dama da hagu. Ya kwaikwayi wannan ya yi sabon haƙori, ya fara sayarwa a 1947, kuma har yau sarƙoƙin da ake amfani da su jikokin wannan ne. A 1949 kamfanin McCulloch ya fito da inji mai nauyin kilo 11 da ɗoriya, wanda mutum ɗaya zai riƙe. A 1959 Stihl ya fito da nasa mai suna Contra.

Aikin da ke cin wuni sai ya koma na 'yan mintoci. Kuma yau abin da ya rage na tsofaffin dazuzzukan redwud bai wuce kashi 5 cikin 100 ba. Injin ya zo da nasa ciwon ga mai riƙe shi. In saman hancin sa ya taɓa itace ba shiri, sai ya yi harbi irin na jaki, ya taso wa fuska ko kafaɗa, da saurin da hannu ba ya iya tarewa. Karkarwar sa kuma ta na kashe jijiyoyin yatsu har su yi fari. Sai a shekarun 1960 aka fara sa masa abin rage karkarwa, birkin sarƙa kuma, wanda ke tsayar da ita nan take in ya yi harbin, sai a farkon shekarun 1970 ya zo.

Duk wannan labarin daji ne. Na cikin gari, wanda ya fi kusa da darbejiyar mu, ta wata hanya ya biyo. John Davey, ɗan Ingila da aka haifa a 1846, ya yi ƙaura zuwa Amurka ya zauna a garin Kent na jihar Ohayo, ya kafa kamfanin kula da bishiyoyi a 1880, ya kuma wallafa littafin sa The Tree Doctor a 1901. Ra'ayin sa shi ne bishiya mai rai ce, ana yi mata magani kamar yadda ake yi wa mutum. Mutanen zamanin sa har siminti su ke ɗura wa kogon bishiya kamar mai cike haƙori. Daga baya wani masani na hukumar gandun dajin Amurka, Alex Shigo, ya tsaga dubban itatuwa da injin zarto ya na duba cikin su, ya nuna cewa bishiya ba ta warkewa irin ta mutum, killace ruɓar ta ke yi da kan ta, don haka simintin da fentin da ake shafa wa rauni ba su da wani amfani.

Masu hawa na farko a gari da yawa haka su ke hawa, hannu da ƙafa, daga reshe zuwa reshe. A hankali igiya ta zama dole. Sun aro dabaru daga matuƙan jirgin ruwa da masu hawan duwatsu, kamar ƙullin da Karl Prusik na Ostiriya ya bayyana a 1931: ƙaramar igiya ce ake naɗawa a jikin babba, in ka tura ta da hannu ta zame, in nauyin ka ya hau kan ta ta cije. Amma ka san wa ya sa aka rubuta dokar aikin a Amurka? Wata uwa ce, Ethel Hugg, daga jihar Niyu Yok, wadda ɗan ta ya mutu a wajen aikin datse bishiya. Ta yi ta rubuta wa hukumomi wasiƙu har aka kafa kwamiti a 1968, aka fitar da ƙa'idojin da ake kira Z133 a 1972. Har yau ana sabunta su.

To yaya ƙwararre ke sauke bishiya a yau? Kafin ya taɓa ta sai ya zagaye ta, ya duba ruɓa a gindi, ya duba inda ta karkata, ya duba waya, ya duba busasshen reshen da ke rataye a sama, wanda masu aikin ke kira mai sa mata takaba. Sannan ya jefa siririn zare mai ɗan buhun nauyi a kan reshe mai ƙarfi, ya ja babbar igiya da shi. In zai tayar da inji a sama, a wuri biyu ya ke ɗaure kan sa, don in sarƙa ta ci igiya ɗaya, ɗayar na nan. Hannu biyu kuma a kan injin. Igiyar da ke riƙe da shi daban, ta sauke itace daban, ba a haɗa su. Kowane reshe sai an ɗaure shi kafin a yanke, igiyar ta bi ta gargare a sama ta sauko gindi, inda abokin aikin sa ya naɗa ta a wani ƙarfe ya na sassautawa a hankali, har reshen da ya fi su nauyi su biyu ya sauka kamar ana ajiye tulu. In rassa sun ƙare, sai gangar jiki, gunduwa-gunduwa daga sama. Ƙarafan ƙafa masu tsini kuwa ba a hawa bishiyar da ake so ta rayu da su, sai wadda za a cire.

In an zo kayar da abin da ya rage, akan fafe baki a gefen da ake so ta faɗi, zurfin kamar kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin ta, sannan a yanko ta baya. Ba a yankewa duka. Akan bar wata 'yar jijiyar itace a tsakani, kamar kashi ɗaya cikin goma na kaurin, ita ce ke riƙe bishiyar ta bi da ita inda aka nufa kamar yadda ƙyaure ke bin maƙalin sa. Wanda ya cinye wannan jijiya da inji ya saki linzami. Mai yankan ya kan share hanyar gudu tun kafin ya fara, a karkace ta baya, ba daidai bayan bishiyar ba, domin gindi na iya zabura ya dawo. 'Yan kallo kuma, waɗanda ba a rasa su a ko'ina, wurin tsayawar su shi ne nisan tsawon bishiyar sau biyu.

Da duk wannan, saran itace na nan cikin ayyukan da su ka fi cin rai a ƙididdigar Amurka. Hawan ma ya zama wasa, tun 1976 ake gasar sa, har da wani sashe na sauko da abokin aiki da ya ji rauni a sama. Ita kuwa Hyperion, tun 2022 hukumar da ke kula da dajin ta hana kowa zuwa gindin ta, saboda sawun masu zuwa kallo ya fara lalata ƙasar da saiwoyin ta ke ciki. Wanda aka kama a wurin zai iya biyan tarar dala 5,000 ko ya yi wata shida a gidan yari.