Gidan Sarki Ai Gari Ne

A gidanmu na Gyadi-Gyadi, bidiyo ɗaya ne ke ɗaukar layi guda. In an karɓo kaset ɗin haya, sai a shimfiɗa tabarmi a tsakar gida bayan isha'i, a jawo talabijin bakin ƙofa. A nan na kalli Sangaya, wanda ya fito a 1999, Ali Nuhu yana yarima, Fati Muhammad tana 'yar aikin gidan sarauta. Mu yara waƙa ta tafi da hankalinmu. Kakata kuwa, wadda ta tashi a cikin birni daf da Ƙofar Kudu, tana jan carbi tana kallo, can ta ce, "Ina sauran matan? Gidan sarki ai gari ne."

Sai da na girma na gane nauyin maganarta. Tun zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499, cikin gida yake da nasa tsarin mulkin. Akwai Mai Babban Ɗaki, mahaifiyar sarki. Akwai Uwar Soro mai kula da sadaku. Akwai jakadu, waɗanda ƙafarsu ke kai saƙo inda babu namijin da ya isa ya taka. Binciken Heidi Nast a kan fadar ya nuna mata na da hannu dumu-dumu a lura da hatsin haraji, har da rini. Kundin tarihin Kano ma bai manta da Madaki Auwa ba, matar Rumfa, wadda aka ji muryarta a zamanin ɗanta da na jikanta Kisoki.

To ina suka shiga da aka kunna kyamara? Tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, kasuwa ce ke juya akalar fim. 'Yan kasuwar kaset na Ƙofar Wambai da Bata a wancan lokaci soyayya da waƙa suke so, doki da alkyabba kuma kuɗi ne. Sai matan fada suka koma gimbiya mai jiran miji, da baiwa mai kuka, da jakadiya mai kai gulma. Ta ƙarshen nan ce ta fi ƙona wa kakata rai, domin jakadiyar da ta sani mace ce da hakimi ke gyara zama in ta yi sallama.

Alhali an taɓa yin abin da ya fi haka. A Shaihu Umar na 1976, wanda Adamu Halilu ya ɗauko daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, uwar ce ke riƙe zuciyar mai kallo: ta bi sawun ɗanta, ta faɗa cikin bauta a hayin Sahara, ta rasu jim kaɗan da ganinsa. Med Hondo ya yi fim ɗin Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tari sojojin Faransa a 1899, ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a 1987, sai dai a Burkina Faso aka ɗauke shi. Amina ta Zazzau ta hau Netflix a 2021 tana Turanci. Na kalla har ƙarshe, amma kunnena bai yarda da ita ba.

Shi ya sa Juyin Sarauta na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ya kwanta mini. Mace ce ta shirya shi, ta bai wa cikin gida haƙƙinsa, kuma an ga wahalar da aka sha wajen sutura da kayan ɗaki.

Kullum in na bi ta Titin Gidan Zu, na ga samari da kyamarori a bakin ofisoshin fim, jajin Nana Asma'u nake tunawa: dattijuwa da malfa a ka, ta taso da ayarin 'yan taru daga ƙauye a ƙafa, za su ɗauko karatu su koma su koyar. Ita nake jiran in gani a allo, da ƙurar hanya a ƙafarta.