Yadda Tamfol Ya Shigo Gonakin Batsari da Safana

Tun zamanin da ƙasar Ruma, wadda Batsari ce mazaunin hakiminta a yau, da maƙwabciyarta Safana suke bakin daga tsakanin Katsina da Maraɗi, manomin wannan yanki na gefen dajin Rugu ya san cewa wahalar noma ba ta ƙarewa ranar da aka yanke gero, domin kuwa abin da Allah Ya hore masa yana tsakanin abokan gaba biyu: laima da gara daga ƙasa, ruwan bazata daga sama. Hikimar kaka duka a kan raba hatsi da waɗannan biyu aka gina ta.

Magabata ba su rasa dabara ba. Sukan nemi faffaɗan dutse ko fako su share shi ya zama masussuka. A cikin gida kuma mata su yi daɓe da tsakuwa, suna yayyafa ruwan makuba suna bugu da madaɓi, har ƙasa ta yi santsin da za a shanya wake ba tare da ya kwashi yashi ba. Daga gamba ake saƙa zana, daga kabar goruba tabarma, rumbu kuwa a ɗora shi bisa duwatsu a kifa masa jinka, ta yadda iska za ta riƙa ratsa dammunan da ke ciki. Illa iyaka kowace shekara sai an sabunta galibin waɗannan kaya, masussuka kuma ba ta bin mutum gona.

Tamfol bai zo don manomi ba, don hajar attajiri ya zo. Bayan da hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, buhuna suka riƙa taruwa fiye da abin da taragu ke iya kwashewa, har aka shiga jera su dala-dala, irin waɗanda sunan Alhassan Ɗantata ya shahara da su, ana lulluɓe su da tamfol na zane mai kauri saboda damina. Haka nan motocin da ke jigilar gyaɗa da auduga zuwa Kano da Funtuwa da shi suke rufe kaya. Saboda nauyinsa da tsadarsa, talakan Ruma ya daɗe yana ganinsa a bayan mota kawai, bai taɓa raya cewa zai mallake shi ba.

Al'amari ya sauya bayan farin 1973 da annobar da ta halaka gyaɗa a 1975, lokacin da dalar gyaɗa ta zama tarihi, takin zamani kuma ya fara yaɗuwa ta hanyar ayyukan bunƙasa noma irin na Funtuwa, wanda aka buɗe da taimakon Bankin Duniya. Manoma suka lura cewa buhun takin da aka juye, idan an farke shi an haɗa da 'yan'uwansa da basilla, yakan zama shimfiɗar da ta fi tabarma faɗi da sauƙin ɗauka. Daga bisani tamfol na roba, marar nauyi mai sauƙin kuɗi, ya cika kasuwanni.

Fa'idarsa ta fi bayyana a wajen riɗi, wanda ƙwayarsa idan ta zube ƙasa ba ta tsintuwa: a shimfiɗa tamfol, a ɗauko damin da ya bushe a tsaye, a kifa kansa a ɗan buga da sanda, ƙwaya ta zubo fes, babu tsakuwa. A kansa ake bugun wake, a shanya masara da yankakken rogo, da shi ake rufe harawa a kan rumfa da buhunan taki. Hatta awon zakka ya fi sauƙi, domin idan hatsi ya kai nisabi, ushirin da za a fitar tsabtatacce ne. A shekarun nan da rashin tsaro ya hana barin dami ya kwana a daji, tamfol ne masussukar da ake naɗewa a ɗaure bayan babur.

Sai dai akwai abin da rumbu ya fi shi, wato numfashi. Hatsin da aka lulluɓe alhali bai gama bushewa ba yakan yi gumi, ya yi fumfuna, fumfunar masara da gyaɗa kuwa tana haifar da guba mai cutar da hanta. Don haka nasiharmu ga manomi ita ce ya shanya har ƙwaya ta yi ƙaras a haƙori, ya ɗora buhuna bisa itace, ya bar wa iska kafa, kana ya rufe. Tamfol ya gaji daɓe da zana, amma bai gaji rumbu ba.