Likitocin Tiyata Maza da Mata a Gaban Ƙofar Neman Taimako: Nazarin Bincike daga Amurka da Birtaniya

Tsakure

Maƙalar ta duba binciken da aka yi kan matsin aiki da sarewa a tsakanin likitocin tiyata daga 2008 zuwa 2023. Ta nuna cewa abin da ke hana mace neman taimako ya sha bamban da abin da ke hana namiji, kuma tushen bambancin yana cikin tsarin aikin kansa.

Abin da alƙaluma suka nuna

A 2008 Shanafelt da abokan aikinsa suka aika wa mambobin Kwalejin Likitocin Tiyata ta Amurka tambayoyi, mutum 7,905 suka amsa. Da ma'aunin sarewa na Maslach aka auna su, aka tarar kashi 40 cikin ɗari sun sare da aiki. Da Dyrbye ta rarrabe amsoshin bisa jinsi a 2011, sai mata suka kai kashi 43, maza kashi 39. Tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Inda ta yi faɗi shi ne karon da ke tsakanin aiki da gida: kashi 62 na mata sun fuskanci hakan cikin makonni uku kafin binciken, maza kuwa kashi 48.

Daga waɗannan amsoshi aka gano cewa kashi 6 sun yi tunanin kashe kansu a shekarar da ta gabata. Kashi 26 kacal daga cikinsu suka je wurin likitan ƙwaƙwalwa, kuma kashi 60 sun ce tsoron taɓa lasisinsu ya sa suka ja baya. Tunda maza ne mafi rinjaye a cikin masu amsar, wannan adadi hoton shirun maza ne kafin komai. Sana'ar da ke yaba wa mai kwana tsaye a ɗakin tiyata ba tare da ƙorafi ba, ta daɗe tana koya wa namiji cewa faɗin "na gaji" kasawa ce.

Tattaunawa

Ana yawan cewa mata sun fi maza saurin buɗe ciki, kuma a cikin jama'a gaba ɗaya hakan gaskiya ne. Sai dai ɗauko wannan magana a ɗora wa likitocin tiyata gaggawa ce. Binciken Hu na 2019 a mujallar New England Journal of Medicine ya tambayi likitoci 7,409 masu neman ƙwarewa a tiyata: kashi 65 na mata sun ce an nuna musu wariya saboda jinsi, maza kashi 10. Da aka cire tasirin cin zarafi daga lissafin, fifikon mata a sarewa ya ɓace. Ashe ba raunin jure wahala ba ne, abin da ake yi musu ne.

A nan tambayar ta sauya: wa za ta kai wa kuka? Binciken Begeny na 2023 a Birtaniya ya nuna kusan kashi 30 na matan da suka amsa abokan aiki sun ci zarafinsu ta hanyar lalata cikin shekara biyar. Mai koyon tiyata na dogaro da babban likita wajen samun damar riƙe wuƙa da takardar shaida, ga shi manyan galibi maza ne. Binciken Oreskovich na 2012 ma abin lura ne, domin kashi 25.6 na mata sun nuna alamun matsalar shan giya, maza kashi 13.9. Wannan bai yi kama da halin mutanen da taimako ke isa gare su ba.

Matakan da aka ɗauka sun fi magance tsoron lasisi. Birtaniya ta buɗe asibitin sirri na likitoci a Landan a 2008, Amurka kuma ta kafa dokar Lorna Breen ta kare lafiyar ƙwaƙwalwar ma'aikatan lafiya a 2022. Hanyar kai ƙara wadda ba ta bi ta hannun shugaban sashe ba ita ce matan suka fi buƙata, kuma asibitin sirri ba ya maye gurbinta.