Lambun Birkenhead: Yadda Talaka Ya Samu Inuwa a Ingila

Lokacin da Sarauniya Biktoriya ta hau gadon sarautar Ingila a 1837, lambu mai tafki da inuwa kayan masu hannu da shuni ne. Leburan masana'anta kuwa ya wuni cikin hayaƙin kwal, ya kwana a ɗaki mai cunkoso, ranar Lahadi kuma ba shi da inda zai kai iyalinsa shan iska. Tun 1833 wani kwamitin majalisar dokoki ya ba da shawarar a tanadar wa jama'a wuraren shaƙatawa, amma tambayar da ta tsaya ita ce: wa zai biya?

Birkenhead, garin maƙeran jiragen ruwa da ke tsallaken Kogin Mersey daura da Liverpool, shi ya kawo amsa. A 1843 majalisa ta ba hukumar garin izinin sayen fili da kuɗin jama'a. Aka ɗauko Joseph Paxton, mai kula da lambunan gidan sarautar Chatsworth, ya tsara aikin, Edward Kemp kuma ya tsaya a kansa. Filayen da ke kewaye da lambun aka yanka fuloti-fuloti aka sayar wa attajirai, domin kuɗinsu ya rage abin da aka kashe. Mai kuɗi ya sayi kyan gani daga tagarsa, talaka ya samu shiga kyauta.

Filin fadama ne, sai da aka tsane ruwansa. Aka haƙa tafkuna biyu, ƙasar da aka fitar kuma aka yi tuddai da ita. Hanyoyin sun yi ta lanƙwasa yadda ido ba zai ga iyakar wurin ba, kuma an raba hanyar keken doki da ta masu tafiya a ƙasa. Akwai gadar katako mai rufi irin ta Suwizalan, da rumfar kwale-kwale a bakin tafki, da babbar ƙofa mai baka uku. An buɗe lambun ranar 5 ga Afrilu, 1847.

A 1850 wani manomi Ba'amurke, Frederick Law Olmsted, ya ziyarci wurin. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne ganin lebura da attajiri suna yawo a hanya ɗaya, kowa na jin nasa ne. Bayan shekara takwas, shi da Calvert Vaux suka ci gasar tsara Central Park na birnin New York. Har yau ƙofar lambun Birkenhead a buɗe take, ba a karɓar ko sisi.